Yanayi, Wasannin Fili da Daɗin Zama a Ƙaramin Garin Manoma: Misalin Madarunfa

1. Gabatarwa

Idan masana tsarin ƙasa suka tashi bayyana yanayin wani gari, galibi lambobi biyu suke kawowa, wato yawan ruwan saman shekara da matsakaicin zafi. Waɗannan lambobi suna da amfani wajen zana taswira da kwatanta yanki da yanki, amma ba su isa su nuna mana ko garin yana da daɗin zama ba. Manomi ba ya rayuwa cikin matsakaicin lissafi. Yana rayuwa ne cikin tsakar ranar Afrilu, da daren Janairu, da markar Agusta, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana da abin da yake hanawa da abin da yake bari.

A cikin wannan maƙala za mu ɗauki garin Madarunfa na jihar Maraɗi a matsayin misali, domin mu nuna cewa a ƙaramin garin manoma yanayi ne ke raba lokacin aiki da na wasa, kuma wuraren da ake wasa su ne dai wuraren da ake neman abinci. Da “wasannin fili” muna nufin duk abin da ake yi a waje don nishaɗi ko haɗuwa, kamar kokowa, langa, dara, gaɗa, iyo, farauta, ziyara da hira. Da “daɗin zama” kuwa muna nufin iyawar gari ya riƙe mutanensa duk shekara cikin lafiya, da abinci, da wurin hutawa. Ra'ayinmu shi ne wasannin fili ma'auni ne na daɗin zama, domin su ne ke fara ɓacewa idan inuwa ko ruwa ko fili ko tsaro ya yi rauni.

2. Garin da muhallinsa

Madarunfa tana kudu maso gabashin birnin Maraɗi, kimanin kilomita 25, kan hanyar da ke fuskantar iyakar Nijeriya. Ita ce cibiyar gundumar da ke ɗauke da sunanta, wadda ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutane fiye da 400,000. Wannan ya sa ta cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a Nijar, alhali garin kansa ƙarami ne. Mafi yawan mazauna manoma ne: a jigawa ana shuka hatsi, dawa, wake da gujiya, a fadama kuma ana noman rani na kayan lambu, rogo, taba da zogale.

Abin da ya bambanta Madarunfa da sauran garuruwa irinta shi ne tabkinta. Tabkin yana samun ruwa daga Gulbin Gabi da kuma ambaliyar Gulbin Maraɗi, wanda ke tasowa daga ƙasar Katsina, ya shigo Nijar, ya ratsa Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya koma Nijeriya ya faɗa cikin Rima. Ana ƙiyasta faɗin tabkin da kimanin hekta 800 idan ya cika, sa'an nan ya riƙa janyewa har zuwa ƙarshen bazara. A gefensa akwai gandun daji na hukuma da kuma kaburburan da ake kira na waliyyai 99, waɗanda mutane ke zuwa ziyara daga nesa. A 2006 Nijar ta sanya daji da tabki da kaburburan cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya, a 2019 kuma aka shigar da tabkin cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ke kiyayewa. Can kudu maso yamma akwai dajin Baban Rafi, wanda garken giwaye daga Nijeriya kan shigo cikinsa a ƙarshen shekarun 1980 da cikin na 1990.

3. Shekara kashi huɗu

Ruwan saman yankin yana tsakanin milimita 450 da 600 a yawancin shekaru, kuma kusan dukkansa yana sauka ne daga Yuni zuwa Satumba, Agusta ta fi kowane wata. Sai dai wannan adadi ba tsayayye ba ne. Shekarun 1950 sun fi ruwa ƙwarai, shekarun 1970 da 1980 suka zo da fari, har a 1984 abin da aka auna a Maraɗi bai kai milimita 300 ba. Daga shekarun 1990 ruwan ya ɗan farfaɗo, amma salonsa ya sauya. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ke nan ruwa mai yawa yana iya sauka cikin ƴan sa'o'i, ya yi ɓarna, sannan a yi makonni ba a ga ɗigo ba. Ambaliyar 2024, wadda jihar Maraɗi ke cikin waɗanda ta fi yi wa illa, misali ce ta kusa.

Manomi yana raba shekara kashi huɗu, kuma rabon nasa ya fi amfani ga abin da muke nazari a kai.

Bazara, daga Maris zuwa farkon Yuni, ita ce lokacin tsananin zafi. A Afrilu da Mayu ma'aunin zafi kan kai digiri 40 ko ya haura da rana. Abin da ya fi wahalar da jiki shi ne ƙarshenta, lokacin da iskar kudu ta fara kawo laima amma ruwa bai sauka ba: zufa ba ta bushewa da sauri, dare kuma ba ya hucewa. A nan ne ake sassabe da kai taki gona, ana duban isowar shamuwa.

Damina, daga Yuni zuwa Satumba, tana rage zafin rana zuwa wajen digiri 30 da ƴan kai a Agusta. Ƙasa takan yi kore, gulbi ya kawo, tabki ya cika.

Kaka, daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, tana farawa da zafin agazari, sannan ta sassauta. Lokacin girbi ne da ɗaurin damma da cika rumbuna.

Ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana zuwa da iskar hunturu daga arewa maso gabas. Da asuba ma'auni kan sauka ƙasa da digiri 15, da rana kuma ya yi wajen 30. Iskar busasshiya ce, tana ɗauke da ƙura da hazo.

4. Yadda yanayi ke raba aiki da wasa

Baƙon da ya zo Madarunfa cikin Agusta zai ce ya iske garin a lokacin da ya fi kyau. Ga mazauna kuwa wannan shi ne lokaci mafi nauyi. Noman farko da maimai suna cinye yini, hatsin bara ya ƙare ko ya kusa, farashi ya hau, sauro kuma ya yi yawa. Zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna haɗuwa a kan yara ƙanana a watanni guda. Jihar Maraɗi ce ta kasance tsakiyar matsalar abinci ta 2005, kuma gundumar Madarunfa tana cikin wuraren farko da aka soma rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina ga yara a 2013. Annobar kwalara ta 2018 ma a wannan gunduma ta ɓulla, cikin Yuli. A damina wasa yakan taƙaita ga yara, da kuma abin da ke cikin aikin kansa, kamar kiɗan gayya.

Lokacin wasa na haƙiƙa yana buɗewa ne da kaka. Dalilai uku ne ke haɗuwa: ciki ya cika, aiki ya yi sauƙi, gonaki kuma sun zama fili bayan an kwashe amfani. A nan ne samarin ƙauyuka ke kai wa juna ziyarar kokowa, ƴanmata su fita gaɗa a dandali idan akwai farin wata, yara su yi langa, dattawa su zauna dara a ƙarƙashin itace. Bukukuwan aure ma sun fi yawa a wannan lokaci, domin an sayar da wake da gujiya an sami kuɗi. Ba haɗari ba ne gasar Takobi ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, take gudana cikin rani. Wanda ya fara ɗaukar takobin, Yakuba Ango Kantu, ɗan kokowar Maraɗi ne, kuma filin kokowar birnin yana ɗauke da sunansa. Tushen wannan gasa shi ne kokowar kaka ta ƙauyuka irin waɗanda ke kewaye da Madarunfa.

Ɗari yana ci gaba da wannan zarafi, amma yana gajarta dare, domin sanyi kan kori mutane daga dandali da wuri, sai masu zaman jin wuta. Ƙura kuma tana kawo mura da tari da ciwon ido, daga Fabrairu zuwa Afrilu kuma haɗarin sanƙarau yakan ƙaru, kamar yadda aka gani a manyan annobobin 1995 da 1996. Duk da haka shi ne lokacin da tabki ya fi jan mutane: masunta suna kamun karfasa da tarwaɗa, masu lambu suna bin ruwa yana janyewa, tsuntsayen ruwa na gida da baƙi masu zuwa daga arewa sun taru.

Da bazara abubuwa biyu ke faruwa. Na farko, zafi yakan mayar da duk wata harka ta waje zuwa safiya da bayan la'asar da dare. Na biyu, samari da yawa ba su gari, sun tafi cin rani Maraɗi ko Katsina ko Kano ko gaba. Wato lokacin da aikin gona ya fi ƙaranci shi ne lokacin da masu wasan suka fi ƙaranci. Ya kamata mu ƙara da cewa kalandar Musulunci tana ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka azumi da tashe da salla suna zagaya waɗannan lokuta huɗu. Daga 2020 zuwa 2022 azumi ya faɗo cikin Afrilu da Mayu, wato tsakiyar bazara, abin da ya mayar da rayuwar waje kusan dukkanta zuwa dare.

Idan aka tattara, za mu ga cewa watannin da ƙoshi da hutu da sassaucin yanayi ke haɗuwa ba su wuce uku zuwa huɗu ba a shekara. Daɗin zaman garin ya dogara ne da abubuwan da ke faɗaɗa wannan ƙaramar kafa ko su ƙuntata ta.

5. Inuwa, ruwa da fili

5.1 Inuwa

A garin da mafi yawan gidaje ba su da na'urar sanyaya ɗaki, itace shi ne babban abin da ke sa bazara ta jurtu. Yana tare rana daga jikin mutum da kuma ƙasar da yake zaune a kai, ganyensa kuma yana fitar da tururin ruwa da ke rage zafin iskar da ke kusa. Majalisar dattawa, wurin dara, makarantar allo, kasuwar ƙauye da fadar samari masu shan shayi, waɗanda suka yaɗu a Nijar tun shekarun 1990, duk a inuwa suke. Wannan ya ƙara muhimmanci tun da rufin kwano ya fara maye gurbin rufin ƙasa, domin ɗakin kwano yakan yi zafin da ba ya zaunuwa da rana.

Ba kowane itace ne ke yin wannan aiki ba. Hausawa na cewa inuwar giginya na nesa ka sha. Tsamiya da kanya da dogon yaro suna riƙe ganye cikin rani, su suka dace da cikin gari. Gawo kuwa yana zubar da ganye da damina ya fitar da shi da rani, saboda haka ba ya hana hatsi rana, yana kuma ba mutum da dabba inuwa a lokacin da aka fi buƙata.

A nan jihar Maraɗi tana da tarihin da ya kamata a tuna. Bayan farin shekarun 1970 gonaki da yawa sun zama fayau. A 1983 Tony Rinaudo na ƙungiyar SIM ya soma ƙarfafa manoman yankin su riƙa barin tohon kututtura suna gyara shi maimakon sarewa a lokacin sassabe. A 1984 aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a Maraɗi. Daga baya ƙa'idojin karkara na 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara wa manomi tabbacin cewa itacen gonarsa zai amfane shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa gonakin da suka sake samun itatuwa ta wannan hanya a jihohin Maraɗi da Damagaram sun kai kimanin hekta miliyan 5. Galibi ana auna wannan nasara da yawan hatsi da itacen wuta. Muna ganin ya kamata a auna ta har da yawan wuraren da mutum zai iya zama da tsakar ranar Afrilu.

5.2 Ruwa

Tabki a wannan yanki yana asarar ruwan da ya kai zurfin mita 2 ko fiye a shekara ta hanyar tururi kawai. Lissafin mai sauƙi ne: kowace hekta tana rasa mita-kubik 20,000, hekta 500 kuma miliyan 10. Tabkin da zurfinsa bai wuce ƴan mitoci ba, idan bai sami cikar kirki da damina ba, zai isa bazara a gajiye. Bugu da ƙari, duk rairayi da laka da ruwa ke kwasowa daga gonakin da ba su da kariya suna zama a ƙasansa, suna rage zurfinsa shekara bayan shekara. Tabki marar zurfi yakan yi faɗi da damina ya janye da sauri da rani.

Wani ɓangare na makomar tabkin yana wajen iyakar Nijar. Madatsar ruwan Jibiya, wadda aka gina a kan wannan gulbi a jihar Katsina, tana iya riƙe kimanin mita-kubik miliyan 140, kuma ta sauya yawan ruwan da ke gangarowa da lokacin zuwansa. Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijar da Nijeriya ta tanadi rabon adalci na ruwan koguna huɗu da ƙasashen ke tarayya a kansu, har da Gulbin Maraɗi. Aiwatar da irin wannan yarjejeniya yana shafar masunci da mai lambu, yana kuma shafar yaron da ke zuwa iyo.

Ruwan kwance yana da nasa haɗari. Inda dodon koɗi ke rayuwa kuma mutane ke wanka da fitsari, cutar tsargiya tana samun hanya, kuma yara maza masu iyo su ta fi kamawa. Hana yara shiga ruwa a watan Afrilu abu ne da ba ya yiwuwa. Abin da ke yiwuwa shi ne rabon magani a makarantu, gina makewayi, da ware mashayar dabbobi daga wurin wanka.

5.3 Fili

Dandali da filin kokowa da filin ƙwallo ba su da takardar mallaka a yawancin ƙauyuka. Suna nan ne domin al'umma ta yarda su kasance. A yankin da jama'a ke ninkawa cikin shekara 20 ko kusa da haka, kuma gonar gado ke rarrabuwa tsakanin magada, fili marar mai shi shi ne na farko da ake yankawa. Noman rani ma, duk da alfanunsa, yana rufe bakin ruwa da shinge. Aikin ban-ruwa na Jiratawa, wanda aka kafa a farkon shekarun 1980 a wannan gunduma, ya nuna yadda fadama ke iya riƙe samari a gida da rani. Amma kowane lambu da ya matso bakin tabki yana rage hanyar da makiyayi da mai wanki da mai yawo ke bi. A zamanin samariya, cikin shekarun 1970 da 1980, akwai ƙungiyar da ke da alhakin dandali da shirya wasanni a kowane gari. Yau wannan nauyi ya rataya ne a wuyan ƙananan hukumomi da sarakunan gargajiya.

6. Tsaro

Akwai sharaɗi na huɗu wanda ba na yanayi ba ne, amma yana iya soke sauran ukun. Daga wajen 2017 zuwa gaba, ƴan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane, waɗanda suka yi ƙarfi a Zamfara da Katsina da Sakkwato, sun riƙa kai hare-hare a ƙauyukan iyaka na gundumomin Madarunfa da Gidan Runji, a 2019 kuma dubban ƴan gudun hijira daga Nijeriya suka shigo jihar Maraɗi. Dazuzzukan iyaka, har da yankin Baban Rafi, waɗanda a da wuraren kiwo da farauta da neman itace ne, sun zama wuraren da ake shakka. Mun riga mun nuna cewa zafi yana tura rayuwar waje zuwa dare. Idan tsoro ya rufe daren, to ƙauyen ya rasa rana ya rasa dare. Ziyarar kokowa tsakanin ƙauyuka, wadda ke buƙatar tafiyar dare, da gaɗar ƴanmata, su ne ke fara tsayawa, tun kafin a daina noma.

7. Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa a gari irin Madarunfa ba a iya raba nishaɗi da sana'a, domin itace ɗaya ne ke ba da taki da inuwar hira, tabki ɗaya ne ke ba da kifi da wurin iyo, gona ɗaya ce ke ba da hatsi da damina ta zama filin langa da kaka. Daga nan muke fitar da shawarwari uku ga masu nazari da masu tsarawa.

Na farko, a daina wadatuwa da matsakaicin lissafin shekara. A riƙa auna zafin dare, da yawan kwanakin da suka haura digiri 40, da bambancin zafi tsakanin ɗakin kwano da na ƙasa da gindin itace. Waɗannan awo ne da ɗalibi zai iya yi da ƙananan kayan aiki.

Na biyu, a sanya dandali, filayen wasa, manyan itatuwan cikin gari da hanyoyin zuwa bakin tabki cikin rajistar hukumomin filaye, kamar yadda ake yi wa burtali da makiyaya.

Na uku, a ɗauki kalandar wasanni a matsayin abin bincike. Sau nawa aka yi kokowa a ƙauye a kakar bana, ƙarfe nawa dandali ke watsewa, samari nawa suka kwana a gari cikin Afrilu, waɗannan tambayoyi ne da tsoho da yaro za su iya amsawa, kuma amsoshinsu, idan aka tara su shekara bayan shekara, za su nuna halin da gari ke ciki tun kafin ƙidayar jama'a ta nuna cewa mutane sun fara ƙaura.